Yawon Sallah Da Tikiti A Waya: Ina Gurbin Ɗan Maƙwabci?

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san kalmomin nan guda uku: tashi mu je. Ba su da rana, ba su da takarda. Ana zaune ana shan inuwa, wani ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce a je a gaida wance, ko a kai yara su ga kura, shi ke nan tafiya ta ɗauru. Da su aka ƙulla yawancin zumuncin da muke taƙama da shi a nan Mairi, da su kuma iyayenmu da suka baro Kano da Katsina da Haɗeja da Damagaram suka saba da Yerwa har ta zame musu gida.

To yanzu wani sabon salo ya fara shigo mana ta waya. Da Sallah ta ƙarato za ka ga sanarwa tana yawo a WhatsApp: wurin wasan yara kaza ya ce a tura kuɗi tun kafin ranar, a faɗi yara nawa ne, a zaɓi lokacin da za a zo. Wanda ya biya ya wuce kai tsaye, wanda bai biya ba ya jira abin da ya rage. Maganar ta raba majalisarmu biyu, ta raba matan layinmu biyu, shi ya sa muka ga ya kamata mu kawo ta shafin nan, mu baje ta a faifai kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Bari mu fara da yadda muka san yawon Sallah, don yaran yanzu su ji. An sauko daga Idi, an ci tuwon Sallah, an sha ardeb mai sanyi a gidan maƙwabtanmu Barebari, duk layi ya ɗauki ƙamshin turaren wuta. Washegari da hantsi sai yara su fara naci: gidan zu, gidan zu. Wato gidan namun daji na Sanda Kyarimi, wanda aka kafa a 1970, aka sa masa sunan Shehun Borno da ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1967. Babu wanda yake zama ya ƙirga kawuna. Ka fito daga gida da yara biyar, kafin ka kai bakin titi sun zama takwas, kafin a samu mota a Tashan Bama sun zama goma sha ɗaya. Wannan ɗan maƙwabci ne, waccan jikar mai ƙosai ce, wancan almajirin gidanmu ne da ya ci kwalliya da kayan da aka ɗinka masa. Uwar yaro ta leƙo ta zaure ta ce, "Malam, ga naku nan, a riƙe masa hannu." Iyakar yarjejeniyar ke nan.

Kuɗin shiga ma a hanya yake haɗuwa. Yaran sun yini jiya suna zaga gidaje suna karɓar goron Sallah, kowa da ƙullinsa a aljihu ko a bakin ɗankwali. A ƙofar zu ake kwance ƙullin, a haɗa na wannan da na wancan, babba ya cika abin da ya rage. Layi kam akwai shi, da turereniya da ƙura da kukan yara. Amma a layin nan muke haɗuwa da 'yan'uwan Hausari da na Gwange da na Bulumkutu da muka yi wata da watanni ba mu gani ba. In an shiga kuma ba mai kallon agogo. Yaron da ya maƙale a gaban kejin birai sai a bar shi har ya gaji don kansa. In cunkoso ya yi yawa a juya akala a nufi Dandal a ga dawaki a ƙofar Shehu, ko a faɗa gidan wata goggo da ba ta san da zuwanmu ba, ta ƙara ruwa a miya. Kafin rikici, masu ɗan hali har bakin ruwan Alau suke kai iyali shan iska.

Mu mutanen garin nan ba sai an yi mana lacca a kan yadda ake rasa wannan 'yanci ba, domin an taɓa ƙwace mana shi muna ji muna gani. A watan Yulin 2011 aka hana hawa babur a Maiduguri, kowa ya koma Keke Napep. A watan Mayun 2013, bayan an sa dokar ta-ɓaci, aka katse layukan waya, aka yi makonni ba mai iya kiran ɗan'uwansa ya ji ko ya isa gida lafiya. Akwai Sallar da aka yi a 2014 da aka hana zirga-zirgar ababen hawa a cikin gari na kwanaki, yara suka yi kwalliya suka zauna a ƙofar gida suna kallon titi wayam. Dokar hana fita ta koya mana lissafin mintoci. Mai zuwa Kano ko Damaturu ya san dole ya auna tafiyarsa da lokacin buɗe hanya da lokacin rufe ta. Ka fita ba katin shaida a aljihu, ka jawo wa kanka tsallen kwaɗo. Shekaru muka yi a haka, kullum da shiri, kullum da agogo. Da sauƙi ya fara samuwa, abin da ya fi faranta mana rai shi ne ranar da muka iya cewa tashi mu je bayan la'asar, ba tare da gaban kowa ya faɗi ba. Shi ya sa in wasunmu suka ji an ce a zaɓi lokaci a waya kafin a kai yaro lilo, sai tsohon miki ya motsa.

Da muka bincika sai muka gane abin daga nesa ya taso. A Amurka akwai manyan wuraren wasa na kamfanin Disney, ɗaya a Kalifoniya da aka buɗe a 1955, ɗaya a Fulorida da aka buɗe a 1971. Gari ne guda na lilo da jiragen wasa masu gudu a kan dogo da gidajen kallo, mutane na zuwa daga ko'ina a duniya, layin hawa abu ɗaya yakan ci sa'a ɗaya ko biyu. A 1999 suka fito da wata dabara mai suna FastPass. Ka je gaban abin da kake son hawa, na'ura ta ba ka 'yar takarda mai ɗauke da lokacin da za ka dawo, ka tafi yawonka, lokaci ya yi ka zo ka shiga ta gajeren layi. Kyauta ne, kuma sai ka shigo wurin da ƙafarka kafin ka samu. Zuwa 2014 sai aka mayar da abin kan intanet a Fulorida. Wanda ya kama ɗaki a otal ɗinsu yana iya zaɓar abubuwa uku da zai hau a rana tun saura kwana 60, sauran jama'a kuma tun saura kwana 30. Ku duba fa, jama'a: uba ya zauna wata biyu kafin tafiya yana yanke wa 'yarsa mai shekara shida abin da za ta so hawa ranar Talata da ƙarfe uku.

Annobar korona ta dakatar da wannan tsari a 2020. Da aka dawo, a watan Oktoban 2021, sai ya zama na kuɗi, aka sa masa suna Genie+, dala 15 kowane mutum a rana a farkon farawa, bayan kuɗin shiga. Da ƙarfe bakwai na safe ake buɗe kama gurbi a waya, don haka mutumin da ya je hutu sai ya riga zakara tashi yana danne-danne. A watan Yulin 2024 aka sake sauya shi, ya koma ana kamawa tun saura kwana bakwai ga baƙin otal ɗinsu, kwana uku ga saura. Su kansu Amurkawan ba su gama jayayya a kai ba. Wasu sun ce ya cece su daga tsayuwar rana, wasu sun ce sun biya kuɗin jirgi da na otal sun je sun yini suna kallon waya, yaransu na jan rigarsu. Abin da ba mai musu a kai shi ne layi ya zama biyu: na masu ƙarin kuɗi da na sauran bayin Allah, kuma duk wanda aka shigar ta gajeren layi, daga lokacin na dogon layi aka yanka aka ba shi.

Ba sai mun je Amurka ba, mu ma mun ɗanɗana. Wanda ya hau jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ya sani. Daga watan Janairun 2021 aka fara sayar da tikitinsa ta intanet, kuma da ya dawo aiki a watan Disamban 2022 bayan harin da aka kai masa, sai aka ce kowane tikiti da lambar NIN ta mai shi. Alhazanmu da masu zuwa Umara su ma sun dawo da labarin manhajar Nusuk, wadda sai ka kama lokaci a cikinta kafin ka shiga Rauda a Madina. Tsofaffinmu da suka yi aikin Hajji a da suna jin wannan sai su riƙe baki. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuma ya tura har mai sayar da rake ya buɗe asusu, kowa ya iya cewa "na ga alat." Hanya ta riga ta buɗe. In kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya, kuma masu wuraren wasa 'yan kasuwa ne, sun ga inda duniya ta dosa.

Gaskiya ɗaya ce, masu goyon bayan sabon tsarin suna da hujja, kuma yawancinsu iyaye mata ne, su da suka san zafin abin. Wata yayarmu ta ce mana, "Ku maza kuna zaune a majalisa kuna yabon layi. Wa yake goya na goye, ya riƙe na hannu, ya sa ido a kan jaka?" Ba wanda ya iya ba ta amsa. Shekarun nan Ƙaramar Sallah tana faɗowa a Maris da Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da zafin Maiduguri yake haura digiri 40. Tsayuwar sa'a biyu a rana da jariri a baya ba wasa ba ce. A turereniyar bakin ƙofa ake yanke jaka, a nan yaro yake suɓucewa a yi ta cigiya har magariba. A nan kuma masu hanya suke shigar da nasu ta bayan fage, talaka na tsaye yana kallo. Akwai kuma abin da kowa ya sani ko ba a faɗa ba: a garin nan, taron jama'a a cushe a bakin ƙofa ba abin da hankali yake kwanciya da shi ba ne. Tsarin da zai rarraba mutane, wasu su zo da safe wasu da yamma, ya rage cunkoso, ai rahama ne. Hausawa ma sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Magidancin da ya biya tun da wuri ya san abin da ya kashe, ya huta da rigimar bakin ƙofa.

Duk mun yarda da wannan. Inda gizo yake saƙa shi ne tambayar farko da sanarwar take yi: yara nawa ne? Tambaya ce da Bahaushe bai saba amsa ta ba sai ya isa inda za shi.

Ga abin da ya faru a layinmu a wata Sallah da ta wuce. Wani gida suka biya wa yara bakwai a wani wurin wasa a cikin gari, aka ba su ƙarfe huɗu zuwa shida. Ranar ta zo, an yi wanka an shafa hoda, napep biyu na jira a ƙofa. Ana fitowa sai ga yara uku a tsaye a jikin katanga, sun yi kwalliya daidai gwargwado, takalma a goge. 'Ya'yan wata baiwar Allah ce da ta zo daga wajen Bama tun lokacin gudun hijira, tana haya a ɗaki ɗaya a bayan layi, mahaifinsu kuwa Allah bai sa ya fito ba. Kullum tare suke wasa da yaran gidan, tare suke zuwa Islamiyya. Ba wanda ya gayyace su, domin a da ba a gayyata. Sun ga ana shiri, sun shirya.

Maigidan ya kira lambar da ke jikin sanarwar, aka ce masa gurbin ranar ya cika, sai dai jibi. Ya tsaya da waya a hannu, yara goma na kallonsa. Sai tsohuwar gidan ta fito daga zaure tana gyara mayafi.

"Me ake jira?"

"Goggo, na mutum bakwai aka biya. Sun ce ba ƙari."

"To su waɗannan fa?"

"Shi ne nake tunanin ko a ba su wani abu su sayi alawa, jibi a kai su."

"Alawa? Kai da kake yaro, sau nawa mutanen layin nan suka ɗauke ka ba su tambayi ubanka ko sisi ba? Ko dai a tafi duka, ko a zauna duka."

Aka yi shiru. Can sai babbar 'yar gidan, mai shekara goma sha huɗu, ta ce, "Baba, ni na girma da lilo, a ba su nawa." Ƙannenta biyu maza suka kalli juna, su ma suka ce sun fasa, za su je kallon ƙwallo. Haka aka tafi da bakwai, amma ba bakwai ɗin da aka biya wa ba. Allah ya taimaka adadi kawai aka rubuta, ba a rubuta sunaye ba. Da irin tikitin jirgin ƙasa ne mai lambar shaida, da ko wannan sadaukarwar ba ta yiwu ba.

Mun daɗe muna juya wannan lamari. Yaran sun burge mu, Allah ya yi musu albarka. Amma abin tambaya, me ya sa sai da yara uku suka haƙura kafin yara uku su samu? A tsohon tsari duka goman za su tafi, a matsu a napep, a ɗora ƙanana a cinya, a sha rana a layi, a dawo da ƙura har gira, kowa na ba da labarin abin da ya gani. Sabon tsarin ya sauƙaƙa wa wanda aka ƙirga, ya rufe ƙofa ga wanda ba a ƙirga ba. Su wa ake mantawa wajen ƙirga? Maraya, almajiri, ɗan mai aiki, baƙon da ya sauka daren Sallah daga Potiskum ba sanarwa. Ba mugunta ce take sa a manta da su ba. Mutum in yana lissafi a waya, 'ya'yan cikinsa yake gani. Sai ya fito ƙofar gida yake ganin na maƙwabta, ya tuna ɗa na kowa ne.

Sai maganar kuɗi. Biya tun saura kwana uku yana nufin kana da kuɗin tun saura kwana uku. Ma'aikacin jami'a da ke jiran albashi ya iya. Amma yawancin mutanen unguwar nan a kullum suke nema: mai napep, mai faci, mai wankin hula, tela da ba ya karɓar cikon kuɗin ɗinki sai daren Sallah. Irin waɗannan ba su san ko za su iya kai yara ba sai ranar ta zo. Goron Sallar da yara suke tarawa ma, wanda shi ne jarin tafiyar tun asali, ba ya shigowa hannu sai an sauko daga Idi. Kafin nan gurbi ya ƙare. Ga wanda wayarsa ƙarama ce mai tocila, ga tsohuwar da ke riƙon jikoki ba ta da asusu a banki, ga ranar da sabis zai ɗauke kuɗi ya fita alat bai shiga ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙaramin shinge ne, amma in aka jera su sai su zama katanga.

Agogon ma yana da nasa. Ranar Sallah ranar baƙi ce. Kana shirin fita sai ga sallama, kawunka ne ya taso tun daga Baga Road da iyalinsa. A da sai a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa da nama, yawo ya koma gobe, ko kuma a haɗu da yaransa a tafi gaba ɗaya. Yanzu kana gaisawa kana satar kallon waya, ƙarfe huɗu na matsowa, kuɗi kuma ba a mayarwa. Baƙo ba yaro ba ne, yana gani. Zai ce, "A'a, ku je abinku, dama wucewa muke yi." Zumuncin da aka ce a ƙafa yake, ga shi ya zo da ƙafarsa har gida, mun sallame shi saboda lilo. A cikin wurin wasan ma haka ne. Yaro ya ga abin da ya ɗauke masa hankali, wataƙila ba komai ba ne illa wani mai busa balan-balan, yana so ya tsaya, babba na jan hannunsa: zo mu je, lokacinmu zai ƙare. Wasan yara kuwa ba ya son a ce masa yi sauri.

Ambaliyar ranar 10 ga Satumban 2024 ta ƙara mana karatu a kan wannan. Madatsar Alau ta ɓalle cikin dare, shekara talatin bayan ta 1994, ruwa ya raba gari biyu, ya shanye Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehu. Gidan zu ɗin da muka yi ƙuruciya a cikinsa bai tsira ba. Hukumar wurin ta ce fiye da kashi 80 cikin ɗari na dabbobin sun mutu, aka yi ta gargaɗin jama'a a kan kadoji da macizai da ruwa ya kwaso. Yaranmu sun yi kukan dabbobin nan kamar 'yan'uwansu. A kwanakin nan ba wanda ya tambayi wani ku nawa ne kafin ya buɗe masa ƙofa. Gidan mutum takwas ya kwana da talatin, tukunya ɗaya ta ciyar da layi. Halin da ya sa ake tafiya zu da ɗan maƙwabci ba a ƙirga ba, shi ne dai halin da ya buɗe ƙofofin nan. A ranakun daɗi ake koyonsa, a napep da layin tikiti, kafin ranar wuya ta zo a neme shi. In muka bar yaranmu suka tashi da sanin cewa fita ta wanda aka biya wa ce kawai, kada mu yi mamaki in sun girma suna tambayar baƙo ko ya sanar kafin ya zo.

To mene ne abin yi? Ba mu ce a yaƙi waya ba, ba mu ce a koma turereniya ba. Ga masu wuraren wasa, 'yan'uwanmu ne, wasunsu ma suna karanta mujallar nan, muna roƙon abu biyar. Ku bar wani kaso mai kauri na tikiti a bakin ƙofa, ko da rabi ne, saboda wanda sai ranar Allah ya hore masa. Ku riƙa rubuta adadi, kada ku ɗaure tikiti da sunan yaro. Ku ba wanda ya biya damar ƙara yaro biyu ko uku a ƙofa da kuɗin hannu. Sannan wanda baƙi suka tsare shi ya makara, a ɗaga masa zuwa wani lokaci, kada a cinye masa kuɗi. Kada kuma a kawo mana layi biyu irin na Amurka, yaron mai kuɗi ya wuce yana ɗaga wa ɗan talaka hannu. Garin da ya sha abin da muka sha bai kamata a koya wa yaransa wannan ba.

Mu kuma iyaye, dabarar tana cikin madafin gidajenmu tun tuni. Babu macen kirki da take auna tuwo daidai bakin mutanen gida. Kullum akwai malmala ɗaya ko biyu da ake rufewa a kwano, rabon baƙo. In za mu biya wa yara biyar, mu biya na bakwai. In ba a samu mai cike gurbin ba, abin da wuya, a bakin ƙofar wurin ma ba za a rasa yaron da ke leƙe ta waya ba. Waɗanda ba su da ƙarfin haka su haɗu gida uku ko huɗu, a yi ɗan adashe tun daga farkon azumi, a wakilta mai babbar waya ya kama wa layi gaba ɗaya, a sa marayun layin a farkon lissafi. Matan wani layi a nan unguwar sun riga sun fara, kuma mun ga amfaninsa.

Abu na ƙarshe, Sallah ba kwana ɗaya ba ce. In an ba wa waya rana guda, a bar sauran ba shiri. A tashi da hantsi a tambayi yara ina suke so, a fita ba tare da an san inda za a ci abincin rana ba. A bi ta Hausari a gaida tsofaffi, a tsaya kallon dawaki in an ci karo da su, a sayi rake a zauna a gindin dalbejiya a sha. Duk yaron da ya biyo baya a riƙe masa hannu, a aika a gaya wa uwarsa yana tare da mu.

Muna jiran ra'ayoyinku a fitowa ta gaba, musamman iyaye mata da masu wuraren wasa, domin mun san akwai abin da ku kuke gani da mu ba ma gani daga majalisa. Allah ya kai mu Sallah lafiya, ya raya mana zuri'a, ya zaunar da Borno da ƙasa baki ɗaya lafiya. Amin.